Maganar da Ake Yi Wurin Rakiya

Talata Mafara,
ranar kasuwa.

Zuwa ga Uwata, likitan gidanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gajiya, ina ɗawainiya, ina fama da jama'a? Yaya maigidan naki, yaya 'yan jikokina masu kwashe mini dabino a aljihu? Allah Ya sa takardar nan ta same ku cikin rufin asiri da kwanciyar rai, Ya tsare gabanku da bayanku. Innarki na gaishe ku. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya.

Kada ki yi mamakin samun takarda daga mutumin da ke zaune gari ɗaya da ke. In na kira ki a waya, kafin mu kai ga "ina gajiya" an kira ki ɗakin haihuwa. In kuma na zo gidanki sai in ɓuge da ba'a, ku yi dariya, in sha fura in tashi, maganar da ta kawo ni tana nan cikin aljihu. Ita takarda ba ta dariya, shi ya sa na zaɓe ta. Rubutun kuwa ki yi haƙuri da shi. Na ga naki a takardar magani, don haka ba ki da bakin yi mini gori.

An ce mini kayanki sun ɗauru, an mayar da ke asibitin Maradun. Ba zan yi miki wa'azin hanya ba, kin fi ni sanin yadda take a zamanin nan. Ki tashi da hantsi, kada ki yarda la'asar ta same ki a daji, sauran kuma mun bar wa Allah. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Innarki ta ce tsohon malaminki na Sakkwato ya neme ki cikin wasu likitocin iyali irinku, masu ganin jama'a kullum, don ku haɗa abin da kuke gani game da tsargiya da ciwon mara a garuruwan bakin ruwa, a yi bincike a kai. Ta ce kin ce layin marasa lafiya ya kai bakin ƙofa, ina ke ina bincike, wannan aikin mutanen jami'a ne masu fanka a ofis. Ta ce kafin ki tafi za ki ba shi haƙuri. To, ki riƙe haƙurin nan tukuna, ki karanta shirmen tsohonki.

Wasu iyayen hikima suke bar wa 'ya'yansu. Ni na duba rumbuna, kurakurai ne cike, kuma duk kin san su, tunda da su nake ba mutane dariya a wurin suna. Sai dai ba ki taɓa jin su babu dariyar ba.

Bokona dai kin san inda ya tsaya, aji biyu na sakandare. Ina cewa rashin hali ne, kuma akwai wannan, amma ba shi kaɗai ba ne. Wata rana malamin kimiyya yana bayanin sauro, na ɗaga hannu na tambaye shi, in sauro ne ke kawo zazzaɓi, shi sauron wa ke ba shi? Wallahi da gaske nake tambaya. Aji ya kwashe da dariya, malamin ma ya dara. Nan take na ji daɗin dariyar nan ya fi mini amsar, na miƙe na rusuna kamar da gangan na yi. Daga ranar na zama mai ba aji dariya, ban sake yin tambaya don in sani ba. Sai da kika shiga jami'a kika gaya mini ashe tambayar kirki ce, har akwai waɗanda suka ƙare rayuwarsu a kanta. Kin ga, da na tsaya na jira amsa, da yanzu wataƙila ni ke da fankar.

Don haka in tambaya ta taso miki a wurin aiki, kada ki bari gajiya ko tsoron a raina ki su mayar da ita hira. Tambaya kamar baƙuwa ce, in ba a shimfiɗa mata tabarma ba, ba ta sake zuwa.

Wancan ƙaramin kuskure ne, ni kaɗai ya ci. Babban shi ne wanda ya ba ni sunan da ake kirana da shi har yau, Garba Tafinta.

Lokacin muna Bakura, kina goye, ina noman rani a bakin kanal. Wasu ma'aikatan lafiya suka zo da mota daga nesa, suna bin gida gida suna tambayar cututtukan da ke damun mutane. Babbansu wani likita ne mutumin kudu, mai tabarau, mai haƙuri, ba ya jin Hausa sai "sannu". Aka ce a nemo mai Turanci. Da yake a garin makafi mai ido ɗaya sarki ne, aka nemo ni. Na sa rigar Sallah, na soke biro a aljihu, biron da ko tawada babu.

Ga yadda aikin yake. Mu shiga zaure, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa. Maigida ya fara gaisuwa, kin san tamu, sai an tambayi gida da gona da bisashe da gajiyar shekaranjiya. Likita yana murmushi yana satar kallon agogo. In an gama sai ya ce in tambaya ko akwai mai ciwo a gidan. Maigida ya ce, "Lahiya lau, sai godiya." In juya in faɗa da Turanci. Wannan kam na iya ta, har da karkata kai. Ya rubuta, mu tashi.

Abin da bawan Allah bai sani ba, mu ba a zaune muke faɗin abin da ke cinmu ba. Zama na gaisuwa ne. Wa zai dubi baƙo ya shimfiɗa masa ciwonsa a tabarma, ga yara na leƙe, ga maƙwabta sun shigo kallo? Sai an tashi, an sa takalma, maigida ya ce bari in taka maka, an yi 'yan taku an rabu da kunnuwa, sannan a ce "af". Ko rance mutum ya zo nema, ko auren ɗiya, ko shawarar ciwo, a wurin rakiya ake faɗi. Shi kuwa likita da an yi sallama sai ya miƙe da sauri kamar an biyo shi, ya shige mota. Ni ake bari a baya, ni ake kama wa hannun riga.

Gida bayan gida ana kama hannun rigar nan, har na ji tsoron ta yage. Wannan ya ce yaransa duka jini suke fitsarwa. Wancan ya ce mai ɗakinsa mara ta hana ta sakat. In na shiga mota likita ya tambaye ni me mutumin ya ce, sai in ce ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Har ya taɓa cewa bai ga mutane masu yawan addu'ar hanya irinmu ba.

Za ki ce me ya hana ni faɗa. Na daɗe ina gaya wa kaina wai amana ce, abin da aka faɗa a bakin ƙofa ba na takarda ba ne. Akwai kuma cewa a lokacin ba mu ɗauki tsargiya ciwo ba. Duk yaron da ke wanka a kanal yana yi, ni ma na yi, har cewa ake alamar yaro ya fara zama namiji ce. Amma in za a bi gaskiya, ban san yadda ake cewa mafitsara da Turanci ba. Ga ma'aikaciya mace a motar, ba dama in nuna da hannu. Na gwammace gari guda ya zauna da ciwonsa da a gane Turancin Garba bai wuce gaisuwa ba.

Cikin masu kama rigar har da Ummaru, taubashina, wanda ba ki tashi kin sani ba sai a hoto. Kin san tsakanin taubasai babu magana sai tsiya. Ranar ya rako mu har gindin wata bishiyar bedi, wato dogon yaro, ya rage murya ya ce, "Af, Garba, tsaya in hwaɗa maka. Abin ga da munka yi muna ƙanana, ni hwa har yau bai bar ni ba. Ka tambayam min mutumin ga."

Na dube shi sama da ƙasa na ce to sai a saya masa zane da ɗankwali, tunda ya fara jinin wata irin na mata. Ya yi dariya, don dole taubashi ya yi dariya. Ya sake mini riga ya ce, "Allah Ya shirye ka." Motar tana nan tsaye, ƙofa a buɗe, likita yana jira. Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma biyu ba.

Ban san abin da mutanen nan suka rubuta da suka koma ba. Na dai san abin da na ba su: gari guda mai lafiya lau. Ba su yi ƙarya ba, ba su yi ha'inci ba, abin da aka zuba musu suka ɗauka.

Shekaru suka wuce, Ummaru ya fara ramewa, fitsari ya zame masa aiki. Ni na raka shi asibiti a Sakkwato. Likitan da ya duba shi ya tambaye shi tun yaushe, Ummaru ya waiwayo ya dube ni, ya mayar da kai ya ce an daɗe. Aka ce mana ciwon ya ci mafitsara, an zo a makare, kuma tsohuwar tsargiya da ba a magance ba takan kai ga haka. Bai ga damina ta gaba ba. Ban ce ni na kashe shi ba, kwana ne ya ƙare, kuma ban san ko maganata za ta canja wani abu ba. Amma wannan rashin sanin shi ne abin da na kwana da shi na tashi da shi har furfura ta gama fito mini. Labarin "Allah Ya kiyaye hanya" na sha ba da shi ana riƙe ciki don dariya. A gindin bedin nake tsayar da shi, ban taɓa ƙarasawa ba.

To, Uwata, ga inda maganar ta biyo ta kanki. Kwanakin baya innarki ta aiko ni da dambu, na same ki kina ganin marasa lafiya, na zauna a benci ina jira. Da yake ba ni da aiki sai na sa ido. Mace ta shiga, ta fito da takardar magani a hannu, ta sa ƙafa ɗaya waje, sai ta tsaya ta juya. Daga inda nake ina jin "af, Likita". Ƙofa ta sake rufuwa, kuma wannan shigar ta biyu ta fi ta farko daɗewa. Na ga haka ya fi a ƙirga. Da kika tashi, wata tsohuwa 'yar Gidan Goga, cikin waɗanda tashin hankali ya koro, ta karɓe miki jaka wai za ta taka miki zuwa mota. Na ce a raina, jakar ba nauyi gare ta ba, maganar ce mai nauyi. Ban yi kuskure ba, kun daɗe tsaye a rana.

Wannan shi ne abin da kike da shi wanda mai fanka ba shi da shi. Baƙo ko da ido makaho ne. Ke kin karɓi haihuwar yaran, kin san kakarsu, kin san wanda ke noman shinkafa da wadda ke wanki a bakin ruwa. Ba a yi miki lafiya lau sai ta farko, ta al'ada. Mutumin jami'a zai iya zuwa da ilimi fal mota, amma a zaure za a sallame shi.

Kuma na ji ki da kunnena, muna cin tuwo, kina cewa abin na damunki: mata daga ƙauyukan bakin ruwa suna zuwa, a ba su maganin sanyi, su tafi su dawo, a sake ba su, su sake dawowa, kina zargin ba sanyi ba ne, ruwan ne. Kika faɗa, kika wanke hannu, aka kawo lemo, magana ta bi ruwan wanke hannun. Nan take na gane mai wannan hali. Ana kama miki hannun riga, kina shiga mota kina cewa Allah Ya kiyaye hanya. Bambancinmu, ke kina ba wadda ke gabanki magani, Allah Ya saka miki. Amma ta bayanta fa, da ta Bakura, da wadda ba ta da kuɗin mota? Likitan da ke can shi ma wataƙila yana zargin abin da kike zargi, yana wanke hannu. Ni rashin kalma ya hana ni. Ke kin san sunan mafitsara da Turanci, na tabbata har da na abin da ke bayanta.

Kada kuma ki ce ai kin riga kin gani, gani ya isa. Nan ma ina da kuskure a ajiye, ba na rasawa. Wata shekara malamin gona ya ba ni sabon irin shinkafa ya ce in shuka shi gefe guda, namu na gado gefe guda, a ga wanda ya fi. Da na zo ɗauka a keke sai na ga buhu biyu wahala ne, na juye su wuri ɗaya. Shekarar shinkafa ta yi kyau ƙwarai. Malamin gona ya ce irinsa ne, tsofaffi suka ce na gado ne, ni na ce addu'ata ce. Har yau ba wanda ya sani, kuma ba wanda ya ƙaru. Abin da kike gani a asibiti in ba a jera shi bisa tsari ba, shinkafata ce. Shi malamin naki ya san yadda ake raba buhu, ke kin san gonar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na san uzurinki, kuma ba na raina shi. Na ga layin, na ga idonki in kin dawo. Ba ni da lokacin da zan ara miki, da ana arawa da na ba ki nawa duka, don ni yawa ya yi mini. Abin da zan ce, ki tambayi malamin abin da zai yiwu ga mai aiki irin naki, ki ɗauki daidai ƙarfinki, ki gaya masa gaskiya in ya yi yawa. Rabin tuwo ya fi kwana da yunwa. Layin nan kuwa, wasu daga cikinsa mutum ɗaya ne yake dawowa da ciwo ɗaya. In an gano kansa, wataƙila layin ma ya ragu.

Batun amana, wadda na fake da ita, ki yi abin da ban yi ba: ki tambayi mai maganar. Ki ce, in rubuta wannan, ba da sunanki ba, don a taimaki wasu? In ta ce a'a, ki bar mata kayanta, ki yi mata magani kamar kowa. Da na tambayi Ummaru, ai ba ma sai na tambaya ba, shi ya ce in faɗa.

In kuma tsoronki shi ne zama cikin farfesoshi a ga ƙarancinki, to wannan ciwon gado ne, daga wurina kika ɗauka, kuma kin ji inda ya kai ni. In ba ki san abu ba ki ce ba ki sani ba. Kunyarsa ta yini ɗaya ce. Da na sani ƙeya ce, ni kuwa tawa ta yi nauyi har tana ja mini hula baya.

Ki tuna kuma inda za ki. A da baƙi na zuwa da mota su yi tambaya, ko da lafiya lau za su kwasa. Yanzu wa zai ɗauko mota daga jami'a ya nufi ƙauyukan Maradun? Mutanen ne za su zo wurinki, waɗanda suka iya fitowa. In ke ba ki ɗauki maganarsu kin kai inda za a ji ba, za a wayi gari a ce ba a san suna da wani ciwo ba, tunda ba wanda ya rubuta. A yi musu lafiya lau ba da bakinsu ba.

Na cika ki da surutu. Ki ba malaminki amsar da kika ga dama, ke ce likita, ni tafinta ne mai ritaya. Allah Ya kai ki Maradun lafiya, Ya rufe idon mugu daga motarki, Ya sa hannunki ya zama sanadin waraka. Allah Ya zaunar da ƙasarmu, Ya mayar da kowa gonarsa. Ya jiƙan Ummaru da wadda kika ci sunanta. Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan yaran. Wassalam.

Naki,
Babanki, Garba Tafinta.

Bari in ɗan taka miki.

Af, Uwata. Lafiya lau ɗin da na rubuta a sama, ta zaure ce.

Tun bayan girbin bara nake ganin jini in na zaga. Ba ciwo, ba zafi, yakan ɗauke ya dawo. Duk gaisuwar da kika yi mini a tsakanin nan na amsa miki da sai godiya, har kin taɓa cewa na rame na ce tsufa ne ke yi mini kwalliya. Innarki ta gane, ta ce ko in faɗa kafin ki tafi ko ita ta faɗa, kuma kin san in ita ta faɗa har maƙwabta sun ji. Uba ba ya yi wa ɗiyarsa irin wannan magana, shi ya sa tun daga farkon takardar nan uwata nake kira. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ban san ko na Ummaru ne ko wani abu ne daban ba, ku za ku faɗa. In da nauyi, ki haɗa ni da abokin aikinki namiji, zan je duk ranar da kika ce, kuma na yi alkawarin ba zan ba shi dariya ba sai ya gama. Ko kin shiga binciken ko ba ki shiga ba zan je, kada ki ce ciniki nake yi da ke. Amma in kin shiga, ba sai kin tambaye ni izini ba, na bayar. Ki rubuta komai, kanal ɗin da shekarun da wautar. Ki sa ni na ɗaya. Ban taɓa zuwa na ɗaya a aji ba, kada ki bari wani tsoho ya riga ni.